Tiyatar kafaɗa da allurar kashe jijiya: Abin da ya sa likitoci ke sa wa zuciya ido

Ƙaramar Hukumar Kwali, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, tana kan babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, wadda manyan motoci da ƙanana ke bi dare da rana tsakanin Arewa da Kudu. Akasarin mazauna yankin manoma ne, kuma babur ne abin hawan da ke sada garuruwa irin su Dafa da Pai da Yebu da Ashara da bakin titi. Duk inda babur ya haɗu da titi mai cunkoso da aikin ƙarfi na gona, raunin kafaɗa ba baƙo ba ne. Wani ya faɗo ya dafa ƙasa da hannu kafaɗar ta goce, wani ƙashin damtsensa ya karye daga sama, wani kuma shekaru da ɗaukar kaya ne suka tsinka masa naman da ke riƙe da gaɓar.

Yawancin waɗannan raunuka ba sa kaiwa ga wuƙa. Gocewar da aka kawo da wuri ana mayar da ita a sashen gaggawa, karayar da ƙashi bai kauce ba kuma takan haɗe idan an rataye hannun aka bar shi ya huta. Amma akwai waɗanda sai an yi tiyata: karayar da ƙashi ya rabu gida-gida, kafaɗar da ke yawan gocewa, da wadda ta goce aka bar ta makonni ana ɗori a gida har nama ya kama ta a inda ba mazauninta ba. Mutumin Kwali da ke da irin wannan matsala yakan fara da Babban Asibitin Kwali, idan aikin ya fi ƙarfin wurin kuma, asibitin koyarwa mafi kusa da shi shi ne na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Daga can akwai Asibitin Ƙasa da ke cikin Abuja, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda 'yan Arewa suka daɗe da sani.

A irin waɗannan asibitoci ana iya gaya wa majiyyaci cewa za a yi masa allura a gefen wuya wadda za ta kashe masa kafaɗa da hannu, a yi aikin yana farke ko yana cikin gyangyaɗi. Mutane da dama kan yi mamaki idan suka ga an manna musu wayoyi a ƙirji, an ɗaura musu na'urar awon jini, an sa musu ƙarin ruwa, alhali kafaɗa ce kawai za a taɓa. Dalilin shi ne wannan hanya, duk da alherinta, tana da hanyoyi uku sanannu da take shafar zuciya da gudanar jini, kuma kowace daga cikinsu tana da magani muddin an gan ta a kan lokaci.

Yadda allurar ke aiki

A Hausa kalmar jijiya tana ɗaukar abu biyu: jijiyar da jini ke bi, da jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ta biyun ce ake nufi a nan. Jijiyoyin saƙo guda biyar ne ke fitowa daga laka a ƙasan wuya da farkon gadon baya, su sarƙe da juna kamar saƙar igiya, sannan su rarrabu zuwa kafaɗa da damtse da yatsu. Duk zafin da mutum zai ji a hannunsa ta nan yake bi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. A gefen wuya waɗannan jijiyoyi suna ratsawa ta wani ɗan kwari tsakanin tsokoki biyu, kusa da fata, kuma nan ne likita ke zuba maganin. Likitoci suna kiran wannan allura intaskalin.

Maganin yana toshe ƙananan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiya. Idan ƙofofin suka toshe, saƙon zafi ba ya wucewa, haka ma umarnin motsi. Cikin minti 15 zuwa 30 hannun zai yi nauyi, mutum ya kasa ɗaga shi, ya ji kamar ba nasa ba.

Tarihin abin ya haura shekara ɗari. A 1884 wani likitan ido mai suna Carl Koller ya nuna a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya cewa hodar iblis, wato koken, tana kashe zafi a ido har a yi tiyata. Ba a daɗe ba William Halsted a Amurka ya gwada zuba ta a kan jijiyoyin hannu. A 1943 aka haɗa maganin lidoken a ƙasar Suwidin, daga baya aka samo bufibaken, wanda ya fi shi daɗewa a jiki, kuma su biyun ne aka fi amfani da su a asibitocin Najeriya. Hanyar bi ta gefen wuya kamar yadda aka san ta yau, likita Alon Winnie na Amurka ne ya bayyana ta a 1970. A da likita yana laluben wurin da yatsa, daga baya aka samu na'urar da ke sa tsoka ta motsa idan allura ta kusanci jijiya, yanzu kuma ana amfani da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, likita yana kallon bakin allurar da jijiyar da hanyoyin jini a kan allo.

Abin da ya sa ake son ta

Tiyatar kafaɗa tana cikin ayyukan ƙashi masu tsananin zafi bayan an gama. Allurar bufibaken guda ɗaya tana iya riƙe zafin kimanin rabin yini, wani lokaci fiye da haka, wanda ke rage buƙatar magunguna masu ƙarfi irin su mofin, waɗanda ke kawo amai da maye da raunin numfashi. Wanda aka yi wa aiki da ita kaɗai ba a sa masa bututu a maƙogwaro, yakan farfaɗo da wuri, ya ci abinci da wuri. Sau da yawa kuma ana haɗa biyun, a yi allurar domin zafin bayan aiki, sannan a sa mutum barci sosai lokacin aikin. Zaɓin ya danganta da girman aikin, da lafiyar majiyyaci, da ƙwarewar wanda zai yi, da kayan da ke asibitin.

Zama a kujera da saukar jini

Hanya ta farko da zuciya ke shiga cikin lamarin ta samo asali ne daga yadda ake ajiye majiyyaci. Likitocin ƙashi da yawa sun fi son yin aikin kafaɗa mutum yana zaune a kishingiɗe, an ɗaga kan gadon tiyata kamar kujerar hutawa, domin a haka suna iya kaiwa ga gaba da bayan kafaɗar, su juya hannun yadda suke so. Wasu kuma suna kwantar da shi a kan ɓarin da ba shi da ciwo.

Jinin babban mutum ya kai kimanin lita biyar. Idan ya tashi daga kwance, nauyi yana jan wani kaso mai yawa zuwa ƙafafu da ciki, kuma a tsaye abin yakan kai rabin lita. Mai lafiya ba ya lura, domin nan take jijiyoyin jininsa ke tsukewa, zuciya ta ƙara sauri, tsokar ƙafa kuma tana matso jinin sama duk lokacin da ya motsa. A kan gadon tiyata mutum ba ya motsi, an ba shi maganin kwantar da hankali, ga shi bai ci bai sha ba tun dare. Jinin da ke komawa zuciya sai ya ragu.

A nan ne wani abu mai ban mamaki kan faru. Mutum yana zaune lafiya, sau da yawa kimanin sa'a guda bayan allurar, sai ya ce yana jin jiri ko tashin zuciya, gumi ya karyo masa, ya yi hamma, fuskarsa ta canza. A kan allo bugun zuciyarsa, wanda a ƙa'ida yake tsakanin 60 da 100 a minti, ya faɗo ƙasa da 50, ƙarfin jininsa na sama ya sauko ƙasa da 90. A wasu lokuta ƙalilan zuciyar takan tsaya cak na ɗan lokaci. Binciken da aka yi a asibitoci daban-daban ya samu wannan lamari a tsakanin kashi 13 zuwa 28 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin a zaune da wannan allura, ko da yake mafi yawansu abin bai yi tsanani ba.

Bayanin da aka fi bayarwa yana komawa ga wasu masana biyu, Albert von Bezold, wanda ya fara lura da abin a 1867, da Adolf Jarisch, wanda ya zurfafa binciken a shekarun 1930. A bangon zuciya akwai wasu ƙananan jijiyoyin saƙo masu jin matsi. Idan zuciyar da ba ta cika da jini ba ta riƙa matsewa da ƙarfi, saboda fargaba ko saboda sinadarin adirenalin da ake haɗawa da maganin allurar, waɗannan jijiyoyi kan aika wa ƙwaƙwalwa saƙon da bai dace da halin da ake ciki ba. Ƙwaƙwalwa sai ta ba da umarnin rage gudun zuciya da sassauta jijiyoyin jini, a daidai lokacin da jiki ke buƙatar akasin haka. Dangin abin da ke sa ɗalibi ya suma a layin taro ne idan ya daɗe a tsaye cikin rana. Wasu masana suna ganin akwai ƙarin dalilai, kamar maganin ya malala ya taɓa jijiyoyin wuya da ke ƙara wa zuciya sauri, ko kuma wurin da ke auna ƙarfin jini a babbar jijiyar wuya. Ana ci gaba da muhawara a kan musabbabin, amma babu saɓani a kan cewa abin yana faruwa.

A 1998 likita Gregory Liguori da abokan aikinsa a Amurka suka gwada rigakafi. A cikin waɗanda ba a ba komai ba, kashi 28 cikin 100 suka samu wannan faɗuwa, a cikin waɗanda aka ba maganin metofurolol mai hana zuciya matsewa da ƙarfi fiye da kima kuwa, kashi 5 ne kawai. Wannan ba ya nufin a riƙa ba kowa maganin, domin shi ma yana da nasa haɗarin, amma ya ƙarfafa fahimtar yadda lamarin ke aukuwa. A aikace, abin da aka fi yi shi ne a sa wa majiyyaci isasshen ruwa kafin a zaunar da shi, a ɗaga gadon sannu a hankali, a ɗan ɗaga gwiwoyi da ƙafafu, wani lokaci a naɗe ƙafafun da safa mai matsewa. Idan faɗuwar ta zo, ana ba da atirofin domin ɗaga bugun zuciya, ko efedirin domin ɗaga ƙarfin jini, a ƙara gudun ruwa, idan ta yi tsanani a dakatar da aiki a kwantar da mutum a ba shi adirenalin. Galibi cikin 'yan mintuna komai ke daidaita. Sharaɗin shi ne a samu wanda idonsa ke kan allo, maganin kuma yana zuƙe a sirinji tun kafin a fara.

Ƙwaƙwalwa tana sama da zuciya

Hanya ta biyu ita ma daga zaman take, sai dai ƙwaƙwalwa ce ke cikin haɗari. Duk wanda ya taɓa jan ruwa da tiyo zuwa tankin da ke kan rufi ya san ƙarfin ruwan yana raguwa gwargwadon tsawon da ya hau. Haka jini yake. A kowace santimita guda ta tsawo, ƙarfin jini yana raguwa da kimanin 0.77 a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi. Idan ƙwaƙwalwar mutumin da ke zaune ta ɗara wurin da aka ɗaura na'urar awo a damtsensa da santimita 30, to ƙarfin jinin da ke isa gare ta ya gaza abin da allo ke nunawa da kusan 23. Allo ya nuna 100, ƙwaƙwalwa tana samun kimanin 77. Idan kuwa a ƙafa aka ɗaura na'urar, tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba, kuma lambar da ake gani tana iya yaudarar mai kallo.

Abin da ke ƙara dagula lissafin shi ne a aikin da ake yi da ƙaramar kyamara ta cikin huji, jini kaɗan yana rufe wa likita gani, saboda haka akwai sha'awar a bar ƙarfin jini ya ɗan sauka. A 2005 likitoci biyu a Amurka, Pohl da Cullen, suka ba da rahoton mutum huɗu masu matsakaicin shekaru da aka yi wa aikin kafaɗa a zaune cikin barci mai nauyi, ɗaya ya rasu, uku suka samu mummunar illa a ƙwaƙwalwa. Rahoton ya sa an sake duba al'adar saukar da jini da gangan a wannan yanayi. Irin wannan illa ba ta cika faruwa ba, amma idan ta faru ba ta da gyara.

A nan allurar kashe jijiya tana da wata fa'ida. Binciken da aka yi da na'urar auna iskar oksijin a ƙwaƙwalwa ya nuna cewa raguwar iskar ta fi yawa sosai ga waɗanda aka sa barci mai nauyi aka karɓe musu numfashi, fiye da waɗanda aka yi wa allurar suna numfashi da kansu. Mutumin da ke farke jikinsa bai rasa dabarun kare kansa ba, kuma yana iya magana. Amsar da zai bayar idan aka kira sunansa shaida ce cewa jini yana isa ƙwaƙwalwarsa.

Wanda ya fi buƙatar kulawa a nan shi ne mai hawan jini, kuma kimanin uku cikin goma na manyan Najeriya suna da shi, da yawansu ba su ma sani ba. Ƙwaƙwalwar da ta saba da jini mai ƙarfi shekara da shekaru ba ta jure saukar da ta mai lafiya za ta jure. Shi ya sa likita ke kwatanta awon lokacin aiki da awon da mutum ya saba da shi, yana ƙoƙarin kada ya yi nisa da shi.

Idan maganin ya shiga jini

Hanya ta uku ita ce mafi ƙarancin faruwa kuma mafi gaggawa. Ƙofofin sodiyam da maganin ke toshewa a jijiyar hannu, irinsu ne ke tafiyar da wutar da ke sa zuciya bugawa da wadda ƙwaƙwalwa ke aiki da ita. Gefen wuya kuwa cike yake da manyan hanyoyin jini, ciki har da wadda ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya ta kai jini kai-tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Idan bakin allura ya faɗa cikinta, ɗan magani kaɗan ya isa ya jawo jijjiga nan take. Idan mai yawa ya shiga jini, ko adadin da aka zuba ya wuce abin da nauyin mutum zai ɗauka, zuciya tana iya rikicewa ko ta tsaya.

Alamomin farko sukan kasance ɗanɗanon ƙarfe a baki, mutuwar leɓe da harshe, ƙara a kunne, jiri, ruɗewar magana da karkarwar tsoka. Majiyyaci ne ke fara jin su kafin kowace na'ura, shi ya sa likitoci da dama suka fi son yin allurar mutum yana farke. Duk wanda ya ji ɗaya daga ciki ya faɗa a take, kada kunya ko kawaici su hana shi.

Bufibaken ya fi lidoken haɗari ga zuciya domin yana manne wa ƙofofin ya ƙi saki da wuri. A 1979 likita George Albright ya ja hankalin duniya ga mutanen da zuciyarsu ta tsaya bayan an yi musu allura da irin wannan magani, waɗanda farfaɗo da su ya yi wuya ƙwarai. A 1998 Guy Weinberg ya nuna a kan ɓeraye cewa ruwan kitse, wani farin ruwa mai kama da madara da ake sa wa marasa lafiyar da ba sa iya cin abinci, yana rage wannan guba. Mutum na farko da aka ba da rahoton ceto shi da wannan hanya, a 2006, aikin kafaɗa aka zo yi masa: ɗan shekara 58 ne a Amurka, zuciyarsa ta tsaya bayan allurar gefen wuya, aka shafe kimanin minti 20 ana ƙoƙarin farfaɗo da shi, sai da likita Meg Rosenblatt da abokan aikinta suka sa masa mililita 100 na ruwan kitsen zuciyar ta dawo, ya kuma warke ba tare da illa a ƙwaƙwalwa ba. Tun daga nan ƙungiyoyin likitoci suka shawarci duk wurin da ake irin wannan allura ya ajiye ruwan a kusa.

Rigakafin kuwa sananne ne: a auna nauyin majiyyaci a lissafa adadin magani, a ja sirinji baya a ga ko jini zai fito kafin a tura, a riƙa turawa kaɗan-kaɗan ana tsayawa, a yi amfani da sikanin inda akwai shi, domin yana ba da damar rage yawan maganin sosai.

Numfashi da sauran alamomi

Jijiyar saƙon da ke motsa shimfiɗaɗɗiyar tsokar numfashi, wadda ta raba ƙirji da ciki, tana wucewa dab da wurin allurar. A 1991 William Urmey ya duba da sikanin ya tarar cewa dukkan waɗanda aka yi wa allurar da adadin maganin da aka saba a lokacin, rabin wannan tsoka ya daina motsi na wasu sa'o'i, abin da ke rage ƙarfin huhu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Mai lafiya da ƙyar yake lura. Amma mai asma mai tsanani, ko wanda tarin fuka ya lalata masa huhu, ko mai ƙiba sosai, ko mai raunin zuciya, yana iya shiga wahala, kuma ƙarancin iska nauyi ne a kan zuciya. Ga irin waɗannan akan rage maganin, ko a kashe jijiyoyin a can kusa da kafaɗa nesa da wuya, ko a canza hanya baki ɗaya. Ba a yin allurar a ɓangarori biyu na wuya lokaci guda.

Akwai kuma alamomin da ke tsorata dangi alhali ba su da illa: fatar ido ɗaya ta ɗan sauko, idon ya yi ja, hanci ya toshe a ɓari ɗaya, murya ta dushe. Maganin ne ya taɓa jijiyoyin maƙwabta, kuma duk suna wucewa idan ya sake. Sai dai idan baki ya karkace, ko ƙafa ta mutu, ko magana ta ƙi fita, wannan wani abu ne daban da ke buƙatar a kira likita nan take.

Ma'aikata da kayan aiki

Duk matakan da aka ambata sun dogara ne a kan mutum ɗaya, wato mai kula da barci da kashe zafi a ɗakin tiyata, wanda ba shi da wani aiki sai kallon majiyyaci. A nan ƙasar take da giɓi. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla likita biyar ga kowane mutum 100,000, amma ƙididdigar da ta fitar a 2017 ta nuna Najeriya ba ta kai ko ɗaya ba. Da yawa daga cikin manyan asibitocin jihohi ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman ne ke riƙe da aikin. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda ya bi majiyyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata a nahiyar ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu, duk da cewa majiyyatan sun fi ƙuruciya, kuma masu binciken sun danganta hakan da rashin gano matsala a kan lokaci.

Kayan da ake buƙata ba su fi ƙarfin asibitin gwamnati ba: na'urar da ake maƙalawa a yatsa mai nuna iskar oksijin da bugun zuciya, na'urar awon jini da za ta riƙa aunawa aƙalla kowane minti biyar, allon da ke nuna zanen bugun zuciya, tukunyar oksijin, hanyar ƙarin ruwa da ke aiki, da magungunan gaggawa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tambayoyin da ake bi kafin a fara kowace tiyata, kuma gwajin da aka yi a asibitoci takwas ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Hakkin hukumomin da ke kula da asibitoci ne, a Babban Birnin Tarayya da jihohi, su tabbatar da waɗannan kaya, su kuma riƙe ƙwararrun da ake horarwa.

Rabon majiyyaci da danginsa

Kafin ranar aiki mai kula da barci zai zo ya yi tambayoyi, kuma amsar gaskiya tana cikin abin da ke kare rai. A faɗa masa idan akwai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, asma ko tsohon tarin fuka, ko an taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. A faɗa masa idan mutum mai yawan suma ne, musamman idan ya ga jini ko allura, domin irinsa ya fi saurin samun faɗuwar bugun zuciya. A kawo dukkan magungunan da ake sha a cikin kwalayensu. Wasu magungunan hawan jini ana ci gaba da shan su har safiyar aiki, wasu kuma, irin su lisinofiril da losatan, likita na iya cewa a dakatar da su kwana guda kafin nan, kuma shi ne zai yanke wannan hukunci. Masu shan maganin tsinka jini su ambata. Haka jiƙo da sassaƙe da maganin ƙarfin maza, da tiramadol ga wanda ya saba da shi. Likita ba alƙali ba ne, abin da yake nema shi ne ya san jikin da zai yi aiki a kansa.

Game da rashin ci, ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce a daina cin abinci sa'a shida kafin aiki, ruwa zalla kuma sa'a biyu. Wanda aka hana ruwa tun tsakar dare, aikinsa bai zo ba sai bayan azahar, a zafin watan Maris na Kwali ko Gwagwalada, zai shiga ɗakin tiyata jikinsa a bushe, kuma bushewar tana ƙara haɗarin saukar jini. Idan jira ya yi tsawo, dangi su tambayi ma'aikata ko za a sa masa ruwa ko a bar shi ya kurɓa, kada su ba shi da kansu.

Hausawa na cewa tambaya rabin ilimi. Majiyyaci yana da 'yancin ya tambayi wa zai kula da shi lokacin aikin, a zaune za a yi ko a kwance, da abin da aka tanada idan jininsa ya sauka. Bayan aiki kuma ya tashi zaune sannu a hankali, ya bar hannun a rataye, ya nisanta shi da murhu da ruwan zafi da salansar babur, domin hannun da ba ya jin zafi yana iya ƙonewa mai shi bai sani ba. Ya sha maganin zafin da aka rubuta masa tun kafin allurar ta sake, saboda sau da yawa cikin dare take saki, zafin ya zo gaba ɗaya. Idan aka sallame shi ya koma gida sannan ya ji numfashi yana yi masa wuya, ko ciwon ƙirji, ko ya suma, ko hannun ya wuce kwana biyu bai farfaɗo ba, ya koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.